Djibo Bakary

Djibo Bakary (an haife shi a shekarar 1922, ya rasu ranar 16 ga Afrilu, 1998) malamin makaranta ne, jagoran ƙungiyar ƙwadago, kuma ɗan siyasar ƙasar Nijar. Shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, kuma ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gwamnatin Nijar a ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, daga watan Mayun 1957 zuwa Oktoban 1958. Shi ya jagoranci jam'iyyar da aka fi sani da Sawaba, wadda ƙarfinta ya fito daga ma'aikata da talakawan birane da kasuwannin karkara. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 ya nemi jama'a su ƙi amincewa da ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa. Wannan matsayi ya raba shi da mulki, ya kai shi gudun hijira na kusan shekara goma sha biyar, daga baya kuma gidan kaso. Ana rubuta sunansa da ƙa'idar rubutun Faransanci, amma a bakin Hausawa Jibo Bakari ne.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Djibo a Sudure, wani ƙauyen Zabarmawa da ke kusa da Yamai. Ɗan'uwa ne ga Diori Hamani, wanda aka haifa a wannan ƙauye a 1916, wanda kuma ya zama babban abokin hamayyarsa da shugaban ƙasar Nijar na farko. Tun yana yaro wani ɗan'uwan iyayensa ya tafi da shi Tawa, inda ya shiga makarantar firamare, kuma daga wannan mariƙi nasa ya samo sunan Bakary. Zaman Tawa ya sa ya tashi da Hausa a bakinsa. Wannan ya yi masa rana daga baya, domin mafi yawan al'ummar Nijar Hausa suke yi, alhali galibin 'yan bokon farko da ke Yamai daga yammacin ƙasar suka fito.

Bayan ya ci gaba da karatu a Yamai, sai ya samu shiga makarantar horon malamai ta William Ponty da ke Senigal. A wannan makaranta Faransa ke horar da malamai da akawuna domin ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, kuma ta yaye mutane irin su Modibo Keita na Mali da Hubert Maga na Dahome da Diori Hamani kansa. Djibo ya kammala a farkon shekarun 1940, ya dawo gida ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas.

Shiga siyasa

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya dangantakar Faransa da ƙasashen da take mulka. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma soke dokar da ta ba kumandan Bature damar ɗaure ɗan ƙasa ko cin tararsa ba tare da shari'a ba. A watan Mayun wannan shekara aka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar, wato PPN, wadda daga baya ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a watan Oktoban 1946 ƙarƙashin Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Djibo na cikin matasan da suka shiga PPN tun da wuri, kuma a 1947 ya zama babban sakatarenta. Ya bar aikin koyarwa ya koma yawon kafa rassan jam'iyya a garuruwa.

A wancan lokaci RDA na ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a majalisar dokoki da ke Faris. Saboda haka gwamnan Nijar na lokacin, Jean Toby, ya ɗauki PPN a matsayin abokiyar gaba. A 1948 hukumar mulkin mallaka ta mara wa wata sabuwar jam'iyya mai suna UNIS baya, wadda ta dogara da sarakunan gargajiya, aka kuma riƙa matsa wa ma'aikatan gwamnati da ke PPN da canjin wurin aiki da kora.

A watan Oktoban 1950 Houphouët-Boigny ya yanke ƙawance da 'yan kwaminis domin ya sasanta da gwamnatin Faransa. Diori Hamani da Boubou Hama suka bi wannan sabon layi. Djibo ya ƙi, yana ganin sasantawar tamkar miƙa wuya ce ga hukumar da ke muzguna wa magoya bayansu. Wannan saɓani ya raba shi da PPN, kuma daga nan gabar siyasa tsakaninsa da ɗan'uwansa Diori ta samo asali.

Gwagwarmayar ƙwadago

Da ya rasa jam'iyya, Djibo ya juya ga ma'aikata. Ya fara da tsara ƙungiyar masu aikin gona da lambu a kewayen Yamai, sannan ya zama jagoran haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Nijar mai alaƙa da CGT, babbar ƙungiyar ma'aikata ta Faransa. Masu albashi a Nijar ba su da yawa a lokacin. Akwai akawuna da masinjoji na gwamnati, da leburorin hanya da gine-gine, da direbobi da kanikawa, da kuku da boyi-boyi na gidajen Turawa, da ma'aikatan kamfanonin da ke sayen gyaɗa. Djibo bai tsaya ga masu aikin ofis ba, ya sauka har ga waɗanda ba su yi boko ba.

Babbar gwagwarmayar ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa a lokacin ita ce neman dokar ƙwadago irin wadda ma'aikacin Faransa ke cin moriyarta. Ranar 3 ga Nuwamban 1952 aka yi yajin aikin gama-gari a faɗin yankin, kuma ranar 15 ga Disamba Faransa ta zartar da dokar, wadda ta tanadi aikin awa 40 a mako da hutu mai albashi da 'yancin kafa ƙungiya. Sai dai kamfanoni sun so su rage awannin aiki tare da rage abin da lebura ke samu. Wannan ya jawo sabon yajin aiki a 1953. A Gini, Ahmed Sékou Touré ya jagoranci yajin da ya wuce wata biyu. A Nijar, Djibo ne ya ja ragama, kuma ma'aikata suka samu ƙarin albashi.

Wannan nasara ta ba shi abin da sauran 'yan siyasar Nijar ba su da shi, wato mutanen da suka ga amfaninsa a aljihunsu. Direbobin manyan motoci da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano suka zama masu ɗaukar saƙonsa zuwa tashoshi da kasuwanni. Ta hanyarsu kiransa ya isa ga 'yan koli da teloli da mahauta da 'yan ci-rani da manoman gyaɗa, waɗanda ke kuka da haraji da farashin da kamfanoni ke yanka musu da kuma zaluncin wasu hakimai. A watan Janairun 1957 Djibo na cikin shugabannin ƙwadago da suka kafa UGTAN a Kwatano, ƙungiyar da ta haɗa ma'aikatan Afirka ba tare da zama reshen wata ƙungiyar Faransa ba.

Kafuwar Sawaba

A 1954 Djibo ya kafa jam'iyyar UDN tare da abokan gwagwarmayarsa, ciki har da Ousmane Dan Galadima na Madawa. Rassan ƙungiyar ƙwadago su ne suka zama ƙashin bayanta. UDN ta so a karɓe ta a matsayin halastaccen reshen RDA a Nijar, amma a taron Konakiri na watan Yulin 1955 shugabannin RDA suka kore ta suka riƙe PPN. Duk da haka, a zaɓen majalisar dokokin Faransa na Janairun 1956 Djibo ya zo na uku, da tazara kaɗan tsakaninsa da Diori, abin da ya nuna cewa sabuwar jam'iyyar ta kafu, musamman a tsakiya da gabashin ƙasar.

Sunan Sawaba daga bakin magoya baya ya fito, shi ne kirarin da suke yi a tarurruka. Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci, inda asalinta ke nufin abin da yake daidai, amma a Hausa ma'anarta ta karkata zuwa sauƙi da samun sarari bayan wahala. Tun kafin UDN kalmar ta riga ta shiga siyasar ƙasar Hausa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta kira sanarwar manufofinta da wannan suna, kuma daga nan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta samo laƙabinta. Jam'iyyun biyu sun yi kama ta fuskar dogaro da talakawa da sukar sarakunan da ke aiki da Turawa, kuma akwai zumunci tsakanin mutanensu a tsallaken iyaka. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta RDA kuwa giwa.

Magajin gari da shugaban gwamnati

Ranar 23 ga Yunin 1956 Faransa ta zartar da dokar da ake jingina wa ministanta Gaston Defferre. Dokar ta ba kowane baligi, mace da namiji, 'yancin ƙuri'a, ta kuma tanadi cewa kowane yanki zai samu majalisar ministoci da majalisar dokokinsa za ta zaɓa. Djibo ya lura cewa ƙuri'ar karkara na hannun sarakuna, saboda haka ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA ta Georges Condat da Issoufou Saidou Djermakoye, wadda ta gaji yawancin magoya bayan UNIS. Da wannan ƙawance ya zama magajin garin Yamai bayan zaɓen Nuwamban 1956. Jam'iyyun biyu suka narke suka zama reshen Nijar na ƙungiyar 'yan gurguzu ta MSA, ko da yake jama'a sun ci gaba da kiranta Sawaba.

A zaɓen majalisar dokokin yanki na ranar 31 ga Maris, 1957, Sawaba ta samu kujeru 41 cikin 60, PPN ta samu 19. A watan Mayu Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar ministoci. A tsarin dokar, gwamna Bafaranshe ne shugaban majalisar, mataimakin kuwa shi ne jagoran ministoci 'yan ƙasa. A watan Yulin 1958 aka sauya tsarin, muƙaminsa ya koma shugaban majalisar, kwatankwacin firimiyan jiha a Najeriyar wancan lokaci. Sai dai soja da 'yan sanda da harkokin waje da kuɗi duk sun ci gaba da zama a hannun Faransa.

Gwamnatinsa ta yi ƙoƙarin sanya 'yan ƙasa a muƙaman da Turawa ke riƙe da su, da rage ikon kumandoji a kan al'amuran yau da kullum. Ta kuma tuɓe wasu hakimai. A nan raunin ƙawancen ya bayyana. Talakawan da suka kawo Sawaba na jiran a sauƙaƙa musu nauyin sarakuna, sarakunan da suka ba ta rinjaye a majalisa kuwa na jiran ta kare musu rawunansu. Biyan buƙatar ɓangare ɗaya na nufin ɓata wa ɗayan rai.

Ƙuri'ar raba gardama ta 1958

A watan Yunin 1958 Janar Charles de Gaulle ya dawo mulki a Faransa sakamakon rikicin yaƙin Aljeriya. Ya gabatar da sabon tsarin mulki wanda ya ba ƙasashen Afirka zaɓi biyu: ko su ce i, su zauna cikin tarayya da Faransa da ikon cikin gida, ko su ce a'a, su samu 'yancin kai nan take tare da rasa duk wani tallafi. A ƙarshen watan Yuli jam'iyyun da ba na RDA ba suka yi babban taro a Kwatano ƙarƙashin inuwar PRA. Taron ya nemi 'yancin kai ba tare da jinkiri ba, kuma aka zaɓi Djibo babban sakatare. Da lokacin ƙuri'a ya matso, akasarin shugabannin PRA, ciki har da Léopold Sédar Senghor na Senigal, suka koma ga i. Shugabannin gwamnati biyu ne kawai a Afirka ta Yamma ta Faransa suka tsaya kan a'a: Sékou Touré a Gini da Djibo Bakary a Nijar.

Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba. Ƙasar na iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙi, an fara ganin alamun yuraniyom a arewacinta, kuma akwai fargabar cewa Nijar mai 'yanci za ta karkata ga Najeriya, wadda gyaɗar Maraɗi da Damagaram ke bi ta cikinta zuwa teku. Makonni kaɗan kafin ƙuri'a aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Aka ƙaro sojoji, kumandoji suka shiga yaƙin neman i a fili, aka kuma tabbatar wa sarakuna cewa makomarsu na tare da Faransa. Djermakoye da wasu jiga-jigan tsohuwar BNA suka fice daga Sawaba suka haɗa kai da PPN.

Ranar 28 ga Satumba aka kaɗa ƙuri'a. Sakamakon hukuma ya ba i kusan kashi 78 cikin 100, a'a kuma kusan kashi 22, amma kusan kashi 37 ne kawai na masu rajista suka fito. A Gini a'a ce ta yi rinjaye, ƙasar ta samu 'yanci ranar 2 ga Oktoba. Bambancin shi ne jam'iyyar Sékou Touré ta riga ta soke sarautar hakimai a 1957 ta kafa rassanta har ƙauyuka, Sawaba kuwa ta ari ƙuri'ar karkara ne daga hannun sarakuna, kuma masu abu suka karɓe abinsu.

A watan Oktoba aka tilasta wa gwamnatin Djibo sauka. Aka rushe majalisar dokoki, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba, inda ƙawancen PPN da sarakuna ya samu gagarumin rinjaye. Ranar 18 ga Disamban 1958 aka ayyana Jamhuriyar Nijar, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati.

Gudun hijira da tawaye

Sabuwar gwamnati ta shiga kama 'yan Sawaba da korarsu daga aiki, ta kuma karya ƙungiyoyin ƙwadago masu biyayya ga Djibo. A 1959 ya bar ƙasar zuwa Bamako, kuma a watan Oktoban wannan shekara aka haramta jam'iyyar. Nijar ta koma ƙasa mai jam'iyya ɗaya tun kafin ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, 'yancin da Djibo ya nema shekara biyu kafin nan.

Daga Mali ya koma Gana, inda Kwame Nkrumah ya ba shi mafaka. Sawaba ta ci gaba da aiki a ɓoye. Ta tura ɗalibai karatu Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai, ta kuma tura wasu matasa horon soja a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. Garuruwan arewacin Najeriya, musamman Kano, sun zama mahaɗar masu shiga da fita. Cikin waɗanda suka yi hijira akwai Abdoulaye Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin nan a kan Sarauniya Mangu.

A ƙarshen 1964 ƙananan rundunonin Sawaba suka kutsa Nijar ta iyakoki daban-daban, da zaton jama'a za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta samu labari, sojoji da 'yan bangar PPN da mutanen ƙauyuka suka bi su, aka kashe wasu aka kama da yawa, aka kuma harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin babbar salla da nufin kashe Diori. Shugaban ya tsira, amma wani yaro ya rasu. Abin da ya biyo baya shi ne kame mai yawa, kuma fursunoni da dama sun mutu a tsare. Nijar da ƙawayenta sun ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Gana a watan Oktoban 1965 saboda mafakar da Nkrumah ke ba 'yan adawarsu. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, Sawaba ta rasa babban sansaninta, Djibo kuma ya koma Gini.

Dawowa gida da rasuwa

Ranar 15 ga Afrilun 1974, ana tsakiyar fari da yunwa, Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori. Aka saki fursunonin Sawaba, Djibo ya dawo gida bisa sharaɗin ba zai yi siyasa ba. A watan Agustan 1975 aka kama shi bisa zargin haɗa baki da Manjo Sani Souna Sido, mataimakin Kountché, domin juyin mulki. Ya shafe shekaru a tsare, sai a shekarun 1980 ya samu 'yancinsa.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 ya maido da tsarin jam'iyyu da yawa, Sawaba ta sake fitowa amma a rarrabe. Djibo ya jagoranci ɓangaren UDFP-Sawaba, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a watan Fabrairun 1993, ya samu ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ƙuri'u. Yawancin masu zaɓe a lokacin ba a haife su ba sa'ad da ya yi mulki. A 1992 aka buga littafinsa da Faransanci, Silence! On décolonise, inda ya ba da tarihin gwagwarmayarsa ta siyasa da ta ƙwadago. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998.

Yadda ake kallonsa

Shekaru da dama tarihin da hukuma ke koyarwa a Nijar bai ba Sawaba wuri ba. Masu sukar Djibo na cewa ya yi gaggawa a 1958, ya nemi 'yanci ga ƙasar da ba ta da teku kuma 'yan bokonta ƙalilan ne, sannan ya jefa matasa cikin tawayen da bai samu goyon bayan jama'a ba. Magoya bayansa na ganin shi ne ya fara faɗin abin da sauran suka karɓa a 1960, kuma ƙarfin hukumar mulkin mallaka ne ya kayar da shi. Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, wanda ya wallafa babban littafi a kan Sawaba a 2013 bayan hira da tsofaffin 'yan jam'iyyar, ya ɗauki abin da Faransa ta yi a 1958 a matsayin juyin mulki, domin gwamnati ce zaɓaɓɓiya aka kawar. A yau gadar Farié da ke kan kogin Kwara a jihar Tilaberi na ɗauke da sunansa.